Fentin Panzer IV a Lokacin Hunturu: Kundin Aiki

9 ga Nuwamba, 2024

Haɗin jikin 'yar ƙaramar tankar roba da nake haɗawa ya ƙare. Gangar jikin tankar da kanta mai juyawa da bakin bindiga duk sun zauna, na cike 'yan ramukan da suka rage a mahaɗai, na bi su da samfefa mai laushi. Tayoyi da sarƙa da ƙananan kaya irin su shebur da gatari da jak na bar su a ware, don fenti ba ya shiga lungu idan an riga an manne komai.

Tankar Panzer IV ce samfurin H, ta sojan Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, wadda kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da roba a ma'aunin 1/35, wato an rage girman ta gaskiyar sau 35. Ta gaskiyar, in an haɗa da bakin bindigarta, tsawonta mita 7 ne da 'yan kai, nauyinta tan 25, mutum biyar ke aiki a cikinta. Tawa santimita 20 ce. Wannan ma'auni da aka fi bi yau a harkar ƙananan tankoki daga Tamiya ɗin ya samo asali, tun 1961 da suka fitar da wata Panther mai ɗan inji, suka auna girmanta daidai yadda batura za su shiga cikinta.

Na tsayar da shawara zan yi ta yadda take a watan Yulin 1943, lokacin karon Kursk, inda Jamus da Sobiyat suka gwabza a ƙasar Rasha. Daga wajen ƙarshen wannan shekara Jamusawa suka fara shafa wa tankokinsu wani kwaɓi mai tsaga-tsaga da ake kira Zimmerit, don kada nakiya mai maganaɗisu ta kama jikinsu, ba su daina ba sai a Satumban 1944. Kwaikwayon wannan kwaɓi aiki ne mai zaman kansa, ni kuwa a kan fenti nake so in mai da hankali. Tankar watan Yuli jikinta sumul yake.

Har farkon 1943, tankokin Jamus a Turai ruwan toka ne mai duhu, lamba RAL 7021 a tsarin lambobin launi na Jamus. A buɗaɗɗun filayen kudancin Rasha da rani, tanka mai duhu tun daga nesa ake hango ta. A Fabrairun 1943 aka ba da umarni a riƙa fito da su daga masana'anta da rawaya mai duhu, wadda aka sani da lamba RAL 7028. Sauran launuka biyu, kore RAL 6003 da ja mai ruwan ƙasa RAL 8017, ba a masana'anta ake shafa su ba. Daskararren fenti ake aika wa rundunoni a gwangwani, su tsinka da kansu, su zana ɓad-da-kamar da ta dace da inda suke. Mai fetur ya tsinka da fetur, wanda fetur ya yi wa ƙaranci ya zuba ruwa. Mai bindigar feshi ya fesa, marar ita ya ɗauki buroshi ko tsumma. Shi ya sa koren wata tankar ya yi duhu har ya kusa baƙi, na wata kuwa da ƙyar ake ganinsa a kan rawayar. Sai a Agustan 1944 aka mayar da zanen ɓad-da-kama hannun masana'antu.

Wannan tarihi shi zai ja ragamar sayayyata. Akwai masu wannan sha'awa da ke doguwar gardama kan wace kwalba ce ainihin RAL 7028, wasu har su tara rawaya iri-iri. Ina ganin girman himmarsu, amma tankar da rana ta gasa, ƙura ta lulluɓe, sojoji suka yi wa fenti da abin da ya sawwaƙa, ba ta da launi guda tak da za a ce shi ne gaskiya. Kuɗina a kan sanin halin fenti zan kashe shi.

16 ga Nuwamba

Yau lissafi na yi. Dala ta haura naira 1,600, don haka kowace kwalba sai ta faɗi aikin da za ta yi kafin ta shiga jerin saye.

Fentin wannan harka iri uku ne. Akwai akirilik, wanda ke bushewa da wuri, warinsa kaɗan, ana wanke buroshinsa da ruwa kafin ya kama. Akwai inamel, mai mai, irin 'yan gwangwanayen Humbrol na Ingila masu mililita 14 da iyayen wannan harka suka taso da su. Yana kwanciya lafiya da buroshi amma yana ɗaukar lokaci kafin ya bushe. Sai lakka, irin Mr. Color na Japan, wanda ya fi duka ƙarfi da kama jiki, ya kuma fi duka wari. Abin da ya sa dole a rarrabe su shi ne tinar kowanne, wato ruwan da ake tsinka shi da shi. Tinar lakka tana narkar da duk abin da ke ƙarƙashinta. Tinar inamel ba ta taɓa akirilik ɗin da ya bushe sarai. Saboda haka mai ƙarfi a ƙasa, mai sauƙi a sama: lakka, sannan akirilik, sannan inamel ko fentin mai. Wanda ya juya wannan tsari zai ga aikinsa yana tattarewa a gabansa.

Shi kansa akirilik gida biyu ne, kuma nan ne sababbin shiga ke rikicewa. Na Tamiya, mai zuwa a kwalbar gilashi ta mililita 10, da sifirit aka haɗa shi. A alƙalamin feshi, wato 'yar ƙaramar bindigar feshi mai aiki da iskar kwamfuresa, babu kamarsa, amma da buroshi yana da wuyar sha'ani, don shafa ta biyu tana ɗago ta farko. Na Vallejo kuwa, kamfanin Sifen da ke kusa da Barcelona, ruwa ne tushensa, yana zuwa a robar ɗigawa, kuma shi ne sarkin aikin buroshi. In ka zuba wa na Vallejo sifirit sai ya guntse ya toshe alƙalami, alhali na Tamiya sifirit yake so.

Wannan bambanci har hanyar da kaya za su iso Kano ya shafa. Duk abin da ke kamawa da wuta, wato lakka da inamel da tina da gwangwanin feshi, dokar sufurin jiragen sama ta sa masa takunkumi, kuma yawancin shagunan waje ba sa aiko shi ta gidan waya. Ko ɗan uwa mai dawowa daga tafiya bai kamata a ɗora masa shi a jaka ba. Na Vallejo da yake ruwa ne ya fi sauƙin samun mai aikowa. Na Tamiya na ba wani mai shigo da kaya ta jirgin ruwa a Legas, daga can mota ta kawo.

Daga Tamiya na sa XF-60 rawaya mai duhu, XF-58 kore, XF-64 ja mai ruwan ƙasa, XF-2 fari, XF-57 ruwan ƙura, XF-85 na taya, X-22 banish mai sheƙi, XF-86 banish marar sheƙi, sai tinarsu X-20A da ƙaramar kwalbar sinadarin da ke jinkirta bushewa. Rawayar na sa kwalba biyu, ita ce za ta rufe jiki duka. Daga Vallejo, fentin shimfiɗa mai launin RAL 8012, da 70.822 baƙi mai ruwan ƙasa, da 70.982 mai launin tsatsa, da 70.871 na ƙotar katako. Tamiya sun fitar da sababbin launukan Jamus, XF-88 da XF-89 da XF-90, rawayarsu ta fi haske. Na bar su, don da fari a hannuna ina iya kai XF-60 inda nake so.

30 ga Nuwamba

Kafin kaya su iso na shiga Ƙofar Ruwa neman abin da za a iya samu a gida. Na tarar da wani dattijo mai fentin mota yana wanke bindigarsa, na gaishe shi na nuna masa guntun robar da ake ɓalle sassan tanka daga jikinta.

“Baba, wannan tinar taku za ta yi a kan irin wannan roba?”

Bai amsa ba, ya karɓa ya tsoma bakinta a murfin gwangwani, ya ɗan jira, ya ciro. Ta yi laushi tana kama yatsa.

“Ka gani, ɗana? Cinye ta za ta yi. Ka wanke bindigarka da ita, amma kada ta taɓa 'yar motar taka.”

Na sayi ƙaramar kwalba don wanke alƙalami kawai. Na kuma gwada wani gwangwanin feshi na shimfiɗar mota a kan wata guntuwar robar, fuskarta ta yi tsaga-tsaga ƙanana, don haka shi ma na bar shi. Irin wannan roba, folistarin, gam ɗin da ake haɗa ta da shi ma narkar da ita yake yi kafin ta manne, ke nan ba abin mamaki ba ne tina mai ƙarfi ta ci ta.

Abin da ya fi tinar amfani shi ne shawarar da dattijon ya ba ni da na tambaye shi yadda suke yi da hunturu. Ya ce da sassafe suke feshi kafin iska ta tashi, kuma sai sun yayyafa ruwa a ƙasa tukuna don ƙura ta kwanta. Mutumin da ya shafe shekaru yana fesa fenti a wannan gari ya san abin da takardar cikin kwali ba za ta gaya mini ba, don a Shizuoka ta Japan aka rubuta ta, inda iska ke da laima.

A kemis na sayi sifirit. A shagon kayan masu zane na samu fentin mai a 'yan bututu, fari da rawayar ƙasa da ruwan ƙasa mai duhu da baƙi, da tinarsa marar wari, da allin zane mai launi. Na sayi cokulan roba farare da yawa, su ne filin gwaji.

14 ga Disamba

Kaya sun iso lafiya, ba kwalbar da ta zuba. Na buɗe kowace ta Tamiya na motsa ta da tsinke har ƙasa, don girgizawa kaɗai ba ta tada abin da ya kwanta. A robobin Vallejo na jefa 'yar ƙwallon gilashi ɗai-ɗai; ƙwallon ƙarfe na iya yin tsatsa a ciki ta ɓata launi.

Na wanke tankar da ruwan sabulu mai ɗumi saboda maiƙon hannu, ta bushe, na fesa fentin shimfiɗa. Na zaɓi jan RAL 8012 ne don shi ne masana'antun Jamus ke fara shafawa a kan ƙarfe, duk inda rawaya ta yi sirara a lungu shi zai leƙo, kuma haka ya kamata. Wannan fenti yana bushewa a ido cikin mintuna, amma ƙarfinsa ba ya zuwa sai ya kwana ya wuni. Wanda ya bi shi da samfefa kafin lokacin zai ga yana saɓulewa. Na rufe tankar da babban kwano na roba na bar ta.

A kan cokula na fara fahimtar abin da hunturu ke yi wa fenti. A wannan lokaci laimar iska a Kano tana sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Na tsinka XF-60 da X-20A rabi da rabi, na fesa daga nisan da aka saba, sai fuskar cokalin ta fito da kaushi. Ɗigon fentin yana bushewa a iska kafin ya sauka, ya zauna gari-gari. Bakin allurar alƙalamin ma yana toshewa bini-bini. Da sifirit ɗin kemis abin ya fi muni, don ya fi X-20A saurin tashi. Na mayar da shi abin wanke kaya.

Maganin da ya yi aiki: tina kashi biyu, fenti kashi ɗaya, har ya tsinke kamar madarar da aka tatso yanzu, da ɗigon sinadarin jinkirta bushewa wanda bai wuce ɗaya bisa goma na fentin ba. Na rage iska zuwa wajen 15 a agogon kwamfuresa, na matso da alƙalami kusa. Da asuba bayan salla, ƙasa a jiƙe, taga a buɗe ta ɓangaren da iska ba ta shigowa, cokali ya fito sumul.

Takunkumin da nake sawa mai gwangwani biyu ne, irin na masu fentin mota. Na tsumma ko na asibiti ƙura yake tarewa, tururin tina wucewa yake yi. Ko akirilik ne, abin da aka fesa ya zama hazo bai kamata ya shiga huhu ba, kuma yara ba sa shiga ɗakin sai iska ta sauya.

21 ga Disamba

Rawaya ta hau. Na fara da XF-60 zalla a ƙasan jiki da lunguna, sannan na ƙara fari na bi saman gangar jiki da kan tankar da tsakiyar kowane faranti. Ƙaramin abu yana ganuwa da duhu fiye da babba ko da launinsu ɗaya ne, saboda haka in aka shafa ainihin launin tanka a kan abu mai santimita 20 sai ya yi nauyi a ido. Ga shi kuma duk abin da zai biyo baya, banish da fentin mai, ƙara duhu yake yi. A yau tankar ta fi yadda nake so haske, da gangan na bar ta haka.

Cikin ƙofofin da zan bari a buɗe ma rawaya na yi musu. Cikin tankar ruwan hauren giwa ake shafawa don mutane su ga abin da suke yi, amma bayan ƙofa launin waje ake yi masa, don in an buɗe kada fari ya tona asiri.

4 ga Janairu, 2025

Wannan ne matakin da na fi jin nauyinsa, kuma na daɗe ina kallon hotunan Kursk kafin in taɓa alƙalami. Hotunan baƙi da fari ne, ba za su gaya maka kore ne ko ja ba, amma suna nuna hannun mai fenti. A tankoki da yawa siraran layuka ne masu lanƙwasa, bakinsu a baje, wani wuri kauri wani wuri kamar fentin ya kusa ƙarewa. Aikin soja ne da ke sauri, yana tsaye a ƙasa yana miƙa hannu, shi ya sa saman tanka sau da yawa bai samu layuka kamar gefe ba. In na zana su tsaf-tsaf da salatif, na yi tankar masana'anta ta ƙarshen 1944, ba ta Kursk ba.

Na tsinka XF-58 sosai, tina kashi uku, na sa masa ɗan rawaya don kada ya yi tsalle daga jikin tankar. Iska na sauke ta zuwa wajen 10, allurata mai kaurin milimita 0.3 ce, bakin alƙalami kusan yana taɓa roba. A wannan nisa in hannu ya tsaya ko na ƙiftawar ido ne, fenti zai taru ya watsu ta ko'ina. Dabarar ita ce a fara motsa hannu kafin a saki fenti, a kuma tsayar da fenti kafin hannu ya tsaya. Na ajiye buroshi jiƙe da tina a gefe ina share bakin allura bayan kowane layi, don hunturu bai daina aikinsa ba.

Jan na sa shi kaɗan, nan da can a tsakanin koren. Farantan ƙarfen da ke kewaye da kan tankar su ma sun samu nasu. Waɗannan faranti an fara sa su ne a 1943 saboda bindigar harbin tanka ta sojan Sobiyat mai harsashi milimita 14.5, wadda ke iya huda gefen Panzer IV. Su ne fili mafi faɗi a jikinta, ido a kansu yake fara sauka, don haka a kansu na fi natsuwa.

Da na gama, na koma ga rawayar na tsinka ta har ta kusa zama tina zalla, na yi wa tankar feshi ɗaya daga nesa. Wannan ya kwantar da koren da jan, suka zama kamar a jiki ɗaya suke da rawayar.

11 ga Janairu

Tayoyi. Panzer IV tana da takwas a kowane gefe, kowace kuma tagwaye ce, ke nan baki 32 na roba ban da na ajiya. Da buroshi aikin gajiya ne, kuma da wuya da'ira ta fito daidai. Na fesa su duka da XF-85, sannan na ɗauki rular masu zanen gini mai ramuka zagaye, na nemi ramin da ya yi daidai da ƙarfen tsakiya, na rufe maƙwabtansa da salatif, ina ɗora kowace taya ina fesa rawaya.

Ɗan yayata ne ke jera mini su a kan tsinken sakace bayan ɗakin ya sha iska. Ya ɗaga ɗaya ya duba.

“Kawu, me ya sa ba ka yi ta baƙa ƙirin ba?”

Na ce ya leƙa waje ya dubi tayar babur ɗin da ke ƙofar gida. Ya dawo ya ce toka-toka ce. Baƙi zalla ba ya cikin abin da na saya daga Tamiya, kuma har yanzu ban nemi shi ba.

Sarƙar da ta zo a kwalin roba ce mai lanƙwasuwa, ba irin ta jikin tankar ba. Inamel da fentin mai ba sa bushewa da kyau a kan irin wannan roba, suna iya zama da danƙo. Akirilik kaɗai na sa mata, XF-64 gauraye da XF-85.

25 ga Janairu

Na fesa X-22 a jiki duka, na bar shi ya yi ƙarfi. Tanka mai ƙyalli ba ta da kyan gani, amma mataki ne da ba a tsallakewa. Fenti marar sheƙi in aka duba shi da gilashin ƙara girma tudu da kwari ne. Sitikar ruwa, mai ɗauke da alamu da lambobin tanka, in ta hau kansa iska na maƙalewa a ƙarƙashi, gefenta ya riƙa walƙiya fari-fari, kuma babu gyara mai sauƙi. A kan sheƙi kuwa lafewa take yi. Na jiƙa su a ruwan ɗumi, na zame su da buroshi, na matse ruwan da audugar goge kunne. Kuros ɗin Jamus baƙi da fari, da lamba uku a gefen kai: ta farko kamfani, ta biyu rukunin da ke cikin kamfanin, ta uku ita tankar. Na sake rufe su da X-22.

Daga nan fentin mai ya shigo. Na matsa ruwan ƙasa mai duhu da ɗan baƙi a kan guntun kwali na bar su su ɗan jima, kwalin ya tsotse man da ya yi yawa. In ba haka ba bushewa za ta yi nisa, kuma wurin zai yi ƙyalli. Na tsinka da tina marar wari har ya zama ruwa mai launi. Da siririn buroshi nake taɓa gefen kowane ƙusa da kowace tsaga, ruwan ya bi layin da kansa. Abin da ya fita waje na bar shi ya ɗan sha iska, na share da buroshi mai ɗan danshin tina. Akirilik ɗin da ke ƙasa ko gezau bai yi ba. A nan ne tsarin da na bi tun Nuwamba ya biya ni, don ina da damar in goge in sake ba tare da na taɓa ɓad-da-kamar ba.

Abu ɗaya da na kiyaye: ban bar tinar ta taru a mahaɗan ƙananan sassa ba. Tana shiga tsagar gam ta sa roba ta yi gautsi, ƙugiya ko maƙalin fitila ya ɓalle.

Yanzu ƙusoshi da layukan walda da murafen injin sun fito. Hunturun da ya wahalar da ni a feshi ya taimake ni a nan, fentin mai ya bushe da wuri fiye da yadda ake faɗa.

8 ga Fabrairu

Banish marar sheƙi ya hau, XF-86, siriri. Sai maganar ƙujewa da tsatsa, inda na saɓa da abin da na fi gani a ayyukan mutane.

Tun da masu wannan harka na Sifen, irin su Mig Jimenez, suka yaɗa salon tsufar da tanka, kamfanoni irin su AK Interactive da AMMO suka cika kasuwa da kwalaben tsatsa da laka da zubar mai. Kayan suna da kyau, kuma salon ya ɗaga wannan harka ƙwarai. Sai dai yana jan hannu, mutum ya yi ta ƙarawa har tankar ta koma kamar wadda aka yasar shekara ashirin. Samfurin H a bazarar 1943 aka fara ƙera shi. Duk wadda ta je Kursk a watan Yuli ba ta wuce 'yan watanni da barin masana'anta ba. Ina za ta samo tsatsa mai zuba?

Saboda haka na taƙaita. Da guntun soso na ɗebi 70.822, na goge shi a takarda har ya kusa ƙarewa, na ɗan taɓa inda takalmi da hannu ke yawan bi: bakin ƙofofi, gefen murfin injin, gaban farantan da ke gogar reshe. Kafin kowane baƙin tabo na sa ɗigon rawaya mai haske, don ƙujewa mai sauƙi ba ta kai ƙarfe. Da fensir na goga gefen ƙarfen da ya sha hannu da haƙoran sarƙa, na murza da yatsa, ya ba da ƙyallin ƙarfe wanda ya fi na kowane fentin azurfa kama da gaskiya.

Wuri ɗaya na sakar wa tsatsa hannu, wato salansar baya. Zafin injin Maybach yana ƙone fentinta da wuri, ko a sabuwar tanka. Na yi mata 70.982 da soso, na bi da ruwan ƙasa mai duhu, na ɗan bar rawaya a gefunan da zafi bai kai ba. Ƙaramar salansar da ke kusa da ita, ta ɗan injin da ke ba da wutar juya kai, ita ma ta samu kaɗan. A samfurin J an cire wannan inji, sojoji suka koma juya kan da hannu.

Ƙotocin shebur da gatari na yi su da 70.871 a kan rawaya mai haske, da buroshi, na ja layukan katako da fentin mai.

22 ga Fabrairu

Ƙura ce ta rage, kuma ina so in kammala kafin azumi. Da farko na yi tunanin in tankaɗe ƙasar tsakar gida in yi amfani da ita. Lissafi ya hana ni: ƙwayar yashi mai milimita 1 a ma'aunin 1/35 dutse ne mai santimita uku da rabi. Launin ma bai dace ba. Yankin Kursk baƙar ƙasa gare shi, irin mai albarkar noma da kudancin Rasha da Yukiren suka shahara da ita. In ta bushe ƙurarta toka-toka ce mai ɗan ruwan ƙasa, in ta jiƙe ta koma kusan baƙa. A makon farko na yaƙin, wanda ya fara ran 5 ga Yuli, an yi zafi da ƙura, an kuma yi ruwan sama da ya mai da wasu hanyoyi taɓo. Ke nan akwai hujjar sa busasshiyar ƙura a sama, da danshi mai duhu a ƙasa.

Na kankare allin zane da reza, ruwan toka da ruwan ƙasa da ɗan baƙi, na gauraya. Dole ya zama alli busasshe, mai maiƙo ba ya garin kirki. Kafin in sa shi na yi wa ƙasan jiki da tayoyi feshin XF-57 tsinkakke ƙwarai, don garin ya samu abin kamawa. Na zuba shi da busasshen buroshi a bayan tayoyi da lungunan saman sarƙa, na ɗiga tina marar wari a gefe ta bi ta jiƙa shi ba tare da na taɓa ba. Da ta bushe ya zauna. A kan sarƙar kanta ban ɗiga tina ba, da ruwa na kafa garin. Ban fesa banish a kan ƙurar ba, don yana dusashe ta har ta ɓace.

Na ɗaura sarƙa, na manna kayan aiki da gam fari na kafinta wanda ba ya cin fenti, na sa eriya. Saura kwamandan da zai tsaya a ƙofar sama, shi kuwa fentin fuska da baƙar rigar sojan tanka wani karatu ne, sai bayan salla.

Na duba kwalabe. Rawaya ɗaya ta ƙare, ta biyu ta yi rabi. Kore da ja kusan a cike suke. X-20A ce ta kusa ƙarewa, don hunturu ya sa na sha tina fiye da fenti, ita zan fara sawa a saye na gaba, babbar kwalba. Zan haɗa da matarin ruwa na bututun kwamfuresa tun yanzu, saboda jirgin ruwa yana ɗaukar lokaci, kuma da damina ta sauka laima za ta taru a bututu ta riƙa tofo ruwa a kan fenti. Tanka ta gaba ma Panzer IV ce, amma ta sojan Siriya, cikin waɗanda suka saya bayan yaƙin daga Faransa da Cekoslobakiya da Sifen, suka girke su a tuddan Golan har zuwa 1967. Waccan ta shekara fiye da ashirin a duniya, ita ce za ta karɓi tsatsar da na hana wannan.